Waƙar Rabuwa Ba Ta Fama Gyambo

Wani marubuci da ya ce waƙoƙin rabuwa fama gyambo kawai suke yi, har yake ba wanda soyayya ta juya wa baya shawarar ya toshe kunnuwansa, ya yi kuskure babba. Ciwon yana nan ko an saurari waƙa ko ba a saurara ba. Abin da ya fi cin ran mutum shi ne rashin abokin faɗa: kunya ta ɗaure masa baki, 'yan uwa kuma da sun ce "sai haƙuri" sun rufe zancen. Waƙar ce ke furta masa abin da ya maƙale a maƙogwaronsa. Dubi "Someone Like You" ta Adele, mawaƙiyar Ingila, wadda ta fito a 2011. Babu ganga, fiyano ne kawai da murya mai rawa, mace tana yi wa tsohon masoyinta da ya auri wata fatan alheri alhali zuciyarta ba ta sake shi ba. Duk wanda aka rabu da shi ya san wannan tufka da warwara.

Za a ce ai wasu kan yi ta maimaita waƙa ɗaya har su ƙi cin abinci. Haka ne, kuma irin wannan yana bukatar a zauna da shi, a saurare shi. Amma kafin ya kunna waƙar ma yana kwana ido biyu, yana duba wayar da ta daina ƙara. Ƙwace waƙar zai bar shi ne da shirun da ya gudo daga gare shi.