Gajiyar Malami da Maganar Yoga

"Ina gajiya?" "Ba gajiya." Ɗalibin Hausa yakan haddace wannan gaisuwa tun makon farko, kuma ban san wanda ya kai malami bayar da amsar nan ba tare da ta kai zuci ba.

Mutumin da ya yini tsaye gaban allo, hannu a ɗage, yana ɗaga murya don na bayan aji su ji, sannan ya raba dare a sunkuye kan takardun jarrabawa, gajiyarsa tana da mazauni: wuya, kafaɗu da ƙugu. In ba a sauke ta ba, kan ɗalibai take ƙarewa. Na sha kama kaina ina yi wa ɗalibi tsawa kan kuskuren da bai kai ya kawo ba, alhali wuyana ne ya sage.

Shi ya sa nake ganin ya kamata malamai su daina yi wa yoga kallon abin 'yan gayu. Asalinta daga Indiya ne, sunanta kuwa daga harshen Sanskrit, daga saiwar da ke nufin haɗawa. A 2014 Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe mata ranar 21 ga Yuni. Ba wadda ake tsayawa da ka nake nufi ba, sassauƙar nake nufi. Ka zauna kan kujera, tafin ƙafa a ƙasa, baya a miƙe. Ka shaƙi iska ta hanci kana ƙirga huɗu, ka fitar kana ƙirga shida, domin jan fitar numfashi yana sassauta bugun zuciya. Ka juya kafaɗu baya, ka karkata kai dama da hagu a hankali. Minti biyar tsakanin darasi da darasi ya isa.

Wani abokin aikina ya ce mini ibadar wasu ce. Damuwarsa ba ta banza ba ce, don cikin addinan Indiya yoga ta taso, kuma har yau akwai masu yin ta da wannan niyya. Sai dai abin da na bayyana babu ambaton kowa a cikinsa, babu rusuna wa komai. Wanda sunan ya tsaya wa a rai ya kira ta miƙa, kalmar da Bahaushe yake da ita tun kaka da kakanni.

Ba za ta rage cunkoson aji ba, ba za ta kawo albashin da ya makara ba. Mai tsohon ciwon baya kuwa ya fara jin ta bakin likita.