Tun Ran Gini, Ran Zane: A Ja Wayar Tsaro Kafin Filasta

A hutun da ya gabata na je Batsari gai da wani ɗan'uwa da ya dawo gida bayan shekarun da ya yi yana zaman haya a Katsina. Na tarar yana gyaran gidan gadonsu. Ya ƙara wa katanga tsawo, ya sa ƙyauren ƙarfe a zaure, magina suna kwaɓa siminti. Da na tambaye shi ta ina wayar fitilun waje da ta jiniya za ta bi, sai ya ce: "Malam, ai wannan sai an gama fenti." Amsar nan ce dalilin rubutuna na wannan mako, domin na san ba shi kaɗai ke wannan lissafi ba.

Duk wanda ya san ƙananan hukumomin da ke bakin dajin Rugu, daga Jibiya zuwa Batsari da Safana da Ɗanmusa, ya san abin da dare yake nufi a can. Ba a manta da harin Tsauwa da Dankar na Fabrairun 2020 ba, inda aka rasa rayuka kimanin talatin. Yanzu da wasu ke komawa suna tayar da gidajensu, ya kamata gyaran ya tafi da darasin waɗannan shekaru.

Darasi na farko, duk na'urar da ta dogara da wutar KEDCO ko da sabis ɗin salula, tana iya yin shiru a daren da aka fi bukatarta. A Satumbar 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar, har da Batsari da Safana, sai bayan watanni aka maido. Kyamarar da ke tura hoto ta intanet ba ta amfani kowa ba a watannin nan. Saboda haka a gina tsarin a kan sola da batiri da wayar da aka binne a bango. Lissafin ba shi da wuya: kyamara huɗu da na'urar naɗarsu da 'yan fitilu za su ja wat 50 ko kusa da haka. Batirin mai-ruwa na bolt 12, amfiya 100, rabin cajinsa kawai ake so a sha, wato abin da zai riƙe wannan kaya awa 12, daga magariba zuwa wayewar gari ke nan. A ajiye shi a ɗaki na ciki mai iska, nesa da zaure.

Na biyu, bututun roba da waya ke bi ta ciki shi ne mafi araha a duk kayan aikin, amma in an yi filasta babu shi, sai an fasa bango. A sa shi tun yanzu ko da kuɗin kyamara bai samu ba, a bar zare a ciki don jan waya nan gaba. A raba bututun wutar gida da na kyamara, domin haɗa su na ɓata hoto. Wayar da aka bari a fili kuwa, ɓera zai ci, rana za ta busar, mai wuƙa zai yanke cikin ƙiftawar ido. Kada a manta da sandar ƙarfen da ake kafawa a ƙasa saboda tsawar damina.

Na uku, kuma shi ne mafi muhimmanci: kyamara ba ta tare mai bindiga. Abin da gida ke nema shi ne 'yan mintocin da za a tashi iyali, a sanar da jama'a. Don haka jiniya ta riga kyamara a kasafi. A sa makunninta a gefen gadon maigida, a sa wani a ɗakin uwargida, tunda ita ce ke gida idan ya tafi kasuwa ko gona. Fitilu su haska waje, su bar tsakar gida cikin duhu. In maƙwabta sun yarda, a miƙa bututu ɗaya ta katanga zuwa gidan da ke kusa, yadda ƙararrawar gida ɗaya za ta tashi layi guda. A kuma shaida wa mai unguwa da jami'an tsaron al'umma, waɗanda Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar a Oktoban 2023, abin da ƙarar take nufi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Akwai hattara biyu. Mai aikin waya zai san sirrin gidanka fiye da baƙon da ya kwana, kuma kowa ya san ɓarnar masu kai wa 'yan bindiga rahoto. A nemi wanda aka san asalinsa, zanen aikin kuma ya zauna a hannun maigida. Sannan gidan da aka kewaye da ƙarfe yana iya zama tarko ran da waya ta haddasa gobara. A bar taga ɗaya da ƙarfenta ke buɗuwa ta ciki, yara su san inda makulli yake.

Kafin in baro Batsari, ɗan'uwan nawa ya dakatar da magina kwana biyu, ya aika Katsina a sayo bututu. Tsaro na Allah ne, amma an umarce mu da ɗaure raƙumi kafin tawakkali. Allah Ya zaunar da ƙasarmu lafiya.