IN AURE YA MUTU, WA ZAI RIƘE ƊA?



Mu da ke kiran sunayen yara kowace safiya a lakwal mun san wani abu da manyan Yamai ba su sani ba. Yaro yana zuwa kullum, ran nan sai a kira sunansa shiru. Gobe shiru. In ka tambaya sai a ce an saki uwarsa, uban ya aiko an ɗauke shi. Bana haka ta faru da wata yarinya 'yar shekara 8, wadda ta fi kowa lissafi a ajinta. Uwarta na gama idda sai ƙanen uban ya zo ya tafi da ita wani ƙauye, aka danƙa ta ga kishiyar uwa. Uban kuwa ba ya ma ƙasar, yana can cin rani. Uwar ta kai kuka wurin manya, aka ce mata ta yi haƙuri, ɗa na uba ne, haka addini ya ce.

To, haka addini ya ce? Mun je mun tambayi malamai, mun ce su buɗe mana Risala ta Ibn Abi Zaid, littafin da kowane almajirin ilimi a ƙasar nan ya karanta, da Muhtasar na Halil. Abin da muka samu ba shi ne abin da ake faɗa a zaure ba. A mazhabar Imamu Malik, wadda duk muke bi, riƙon yaro bayan saki na uwa ne: namiji har ya balaga, mace har ta tare a ɗakin mijinta. In uwar ta rasu, ko ta auri wani bare, riƙo ya koma ga kaka ta wajen uwa, sa'an nan 'yar'uwar uwa. Sai an wuce waɗannan kafin a zo kan dangin uba. Akwai sharuɗɗa, ba mu ɓoye su ba: mai riƙo ta kasance mai hankali da amana, kuma in uba zai ƙaura ya zauna gari mai nisa yana da magana. Amma asalin hukunci shi ke nan.

Uba fa? Sunan ɗa nasa ne, gado na tsakaninsu, shi ne waliyyi ranar aure. Kuma ci da tufa da magani duk a wuyansa suke, ko da yaron na ɗakin matar da ya saka. Nan ne gizo ke saƙa. Da yawa masu ƙwace yaro ba ƙauna ce ta motsa su ba, gudun aika wa tsohuwar mata hatsi ne. A hannun kishiya kuwa kowa ya san wanda ake tasa da asuba zuwa rijiya.

Dokar gwamnati me ta ce? Nasara ya taɓa maganar aure: dokar Mandel ta 1939 a kan shekarun aure da yardar yarinya, da dokar Jacquinot ta 1951 a kan kuɗin aure. Sauran ya bar wa abin da ya kira al'ada, domin talaka bai dame shi ba in dai an biya haraji. Muka sami 'yancin kai ranar 3 ga Agusta 1960. Dokar 16 ga Maris 1962, wadda ta tsara kotuna, ta bi sawunsa: aure da saki da zuriya da gado, a yanke su bisa al'adar masu ƙara, alƙali na zaune da masu ba shi shawara kan al'ada. An sake dokar a 2004, an kuma sake ta a 2018, aka ce kada al'ada ta saɓa wa yarjejeniyoyin duniya da ƙasa ta amince da su. Ɗaya daga cikinsu ita ce ta haƙƙin yara, wadda Nijar ta karɓa a 1990, mai cewa a duba abin da ya fi wa yaro amfani.

Madalla. Amma wace al'ada? Ba a rubuce take ba. A kasuwar Kelle kaɗai ga Barebari, ga Hausawa, ga Fulani, ga Buzaye, ga Tubawa, kuma suna aure tsakaninsu. Wani gari a ce da yaye uba zai karɓa, wani a ce sai shekara 7. Abin da ba a rubuta ba, mai ƙarfi ke fassara shi. 'Yan kaɗan da suka ɗaura aure bisa littafin dokar Faransa su ma ikon uba aka bar musu, alhali Faransa da kanta ta jefar da wannan tun 1970, ta ce iko na iyaye biyu ne. Mai riga ya tuɓe, mu muna yawo da tsummansa!

An gwada rubuta dokar iyali, tun bayan kafa Ƙungiyar Matan Nijar a 1975. Daftarin da aka fito da shi ya mutu a 1994 saboda adawar ƙungiyoyin addini. Aka sake kawo wani a 2011, shi ma aka ajiye. Mu a ganinmu laifin na gefe biyu ne. Masu rubutawa sun zauna a ofis sun yi shi da Faransanci, ba su kawo shi gindin bishiya an karanta ba. Masu adawa kuma sun ce shari'a suke karewa, amma ba mu ji sun tashi ba ranar da aka raba 'yar shekara biyu da uwarta, abin da shari'ar nan ta hana. Tunisiya ta rubuta tata tun 1956, Senegal a 1972. Ba mu ce a kwafo nasu ba. Mun ce ƙasar da ta kori Nasara bai kamata ta kasa rubuta wa 'ya'yanta shafi biyu ba.

Abin da muke nema kaɗan ne. A rubuta hukuncin riƙo da ciyarwa, a fassara shi da Hausa da Barbarci da sauran harsunanmu, a karanta a rediyo. Duk sarkin da ya yi sulhun saki ya sa a takarda wanda zai riƙe yaro, da tiya nawa na hatsi ko jika nawa uban zai riƙa bayarwa kowane wata. Kada a cire yaro daga lakwal ana tsakiyar shekara. Takardar haihuwarsa kuma ta bi shi duk inda yake, kada ta zauna a akwatin uba.

Kafin nan ga aikin rassa. Ranar kasuwa mai zuwa kowane shugaban reshe ya roƙi liman ko wani malami ya karanta babin riƙo da ciyarwa na Risala a gaban jama'a, ya fassara, a bar mata su matso kusa su ji. A gaya musu aikin sarki sulhu ne, wadda ba ta yarda ba tana da ikon kai ƙara kotu a Gure. In ba ta da kuɗin mota reshe ya haɗa mata, kuma a sami mutum biyu su raka ta.