Kasuwar mutum ɗaya ba kasuwa ba ce

Jama'a, duk mai cewa a sakar wa kamfani ɗaya kasuwa don shi ke da jari, ku tuna masa zamanin NITEL, lokacin da shi ke riƙe da harkar waya. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 100, amma layukan waya ba su kai rabin miliyan ba, sai mai uwa a gindin murhu ke samu. Ko da MTN da Econet suka shigo a 2001, talaka bai sarara ba: naira 50 minti guda, ko "na iso lafiya" kaɗai ka faɗa ka kashe, kuɗin minti cur za a zare. Sai da Glo ta zo a 2003 tana lissafi da daƙiƙa, manyan suka bi sahu ba shiri, kuɗin layi ya faɗo har mai shayi da ɗan acaɓa suka riƙe waya. Ni dai ban yarda tausayi ke sauko da farashi ba, tsoron maƙwabcin rumfa ne. Hukumar sadarwa ta NCC kuwa ita ta buɗe ƙofar gasa ta hanyar ba da lasisi. Irin wannan tsayuwa nake so gwamnati ta yi kan siminti, inda kamfanoni uku suka kusa mamaye kasuwar, mai gini ba shi da wurin gudu.