Wa Muke Damƙa wa Ajin Farko?

  

Akwai wata al'ada da ta samu gindin zama a makarantunmu, na gwamnati da na Islamiyya, wadda ba mu ga hujjarta ba a shari'a ko a hankali. Malamin da ya fi kowa ƙarancin sani shi ake tura wa ajin ƙananan yara. Wanda ya goge sai a kai shi aji shida, wanda kuwa ya gama sakandare jiya, yana zaman jiran sakamako, a damƙa masa 'yan shekara huɗu, wai ai baƙaƙe ne kawai.

Ya 'yan'uwa Musulmi, baƙaƙen nan su ne tushe. Yaron da bai ji bambancin Sin da Sad daga bakin malaminsa na farko ba, da wannan kuskure zai girma, wata rana ma ya ja mu salla da shi. Duk wanda ya taɓa zama gyaran karatun babban mutum ya san wuyar abin. Haka nan yaron da ya fara sanin makaranta ta hanyar bulala, da wuya ya ƙaunaci littafi.

Hukuma ta daɗe tana fama da wannan matsala. Shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976 ya cika azuzuwa kafin a tanadi malamai, aka kafa Cibiyar Horar da Malamai ta Ƙasa a Kaduna a shekarar don cike giɓin. Daga baya aka ajiye takardar malanta mai daraja ta biyu, aka ce NCE ce mafi ƙarancin shaidar koyarwa, dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 kuma ta ambaci kula da yara tun kafin firamare. Duk da haka, a 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawar 'yan aji huɗu, ta bayyana cewa 21,780 daga cikin kimanin 33,000 sun kasa. Ashe takarda daban, iyawa daban.

Mu ma da muka karanta Larabci kada mu ruɗi kanmu. Sanin nahawu da fiƙihu bai koya wa mutum yadda zai riƙe hankalin yara masu yawa a ɗaki ɗaya ba, ko yadda zai gane wanda ba ya ji sosai daga wanda ya ƙi ji. Wannan fanni ne mai zaman kansa, kuma ana karantar da shi a kwalejojin ilimi.

Saboda haka muna kira ga kwamitocin makarantunmu da kada su ƙara ɗaukar malamin ajin farko sai ya yi karatu da tajwidi a gaban masani, ya nuna ya iya karatu da rubutun Hausa, sannan ya zauna zango guda a ƙarƙashin gogaggen malami ana ganin hulɗarsa da yara. Waɗanda ke kan aiki, musamman mata, kada a sallame su. A ɗauki nauyin karatunsu a sashen ilimin ƙananan yara. Albashi kuwa a daidaita shi da na manyan azuzuwa, domin muddin ya fi ƙanƙanta, duk wanda muka horar zai nemi a ɗaga shi zuwa sama, ajin farko ya koma hannun sabon shiga.