Ciwon Zuciyar Masu Jego Da Nauyin Da Ke Kan Ma'aikatan Jinya A Zamfara

A ƙasar Hausa ba a cika sakin jiki da lafiyar mai haihuwa ba sai ta yi arba'in. Cikin cututtukan da kan kama ta a wannan tsakani akwai gazawar zuciya, wadda kan zo a watan ƙarshe na ciki ko cikin watanni biyar bayan haihuwa. Tsokar zuciya ce ke raunana ta kasa tura jini yadda ya kamata, sai ruwa ya taru a huhu da ƙafafu. Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa ceton irin wannan mace, bayan ikon Allah, ya fi rataya a wuyan ma'aikaciyar jinya ta kusa da gida fiye da babban likita na birni.

Tun a shekarun 1970 wasu likitoci biyu, Davidson da Parry, suka nazarci cutar a Zariya, inda aka kiyasta tana kama mace ɗaya cikin kowace haihuwa ɗari. Sun danganta yawanta da wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi da shan kunun kanwa. A 2007 wani nazari a Sakkwato ya sami ɗaya cikin 102. Sai dai binciken da Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ya jagoranta a asibitocin Nijeriya da dama, wanda aka buga a 2020, ya nuna cewa rashin ilimin zamani da rashin sana'a da rama da hawan jini na lokacin ciki sun fi waɗannan al'adu alaƙa da cutar.

Darasin da ke nan shi ne, ɗora wa al'ada laifi kaɗai ba zai warkar da kowa ba. Amma kuma da zarar zuciya ta raunana, kanwa da gishiri na ƙara mata nauyi, domin suna riƙe ruwa a jiki. Abin takaici shi ne, idan ƙafar mai jego ta kumbura, tsofaffi kan ce sanyi ne ya shige ta, sai a ƙara zafin ruwa, a ƙara kanwa a kunu. Wato da kyakkyawar niyya ake ƙara wa wuta makamashi.

A Gusau akwai Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da Asibitin Ƙwararru na Yariman Bakura. To amma matar da ke wankan gida a wani ƙauye na Tsafe ko Bunguɗu ba can take fara zuwa ba, balle a shekarun da tafiya a hanyoyin jihar ta zama abin fargaba. Ƙaramin asibitin garinsu take zuwa, sau da yawa ma don rigakafin jariri, kuma nas ko ungozomar asibiti ce za ta fara gani. Idan aka duba jaririn aka manta da uwar, an yi asarar damar da ba lallai ta dawo ba.

Abin da ake bukata bai fi ƙarfin kowace nas ba. Ta tambayi mai jego ko tana haki in ta yi ɗan aiki, ko tari na tashinta da dare, ko ba ta iya barci sai ta jingina da bango. Ta danna ƙafarta ta ga ko yatsa ya lotsa, ta auna bugun jini da hawansa, domin 140 bisa 90 ko fiye abin lura ne. In alamun sun haɗu, a tura ta Gusau ba da jinkiri ba, don a yi hoton zuciya. Wadda aka kwantar kuwa, a tallafe mata baya da matasai, a auna nauyinta kowace safiya, a rubuta ruwan da ta sha da fitsarin da ta yi, don a san ko maganin rage ruwa yana aiki. Kafin sallama a zaunar da miji da uwarta, a fahimtar da su cewa sake ɗaukar ciki kafin zuciya ta murmure haɗari ne babba, kuma sacewar kumburi ba dalilin barin magani ba ne.

Nan ne kuma harshe ke da rawar takawa. Ga Bahaushe, "ciwon zuciya" kan nufi ɓacin rai, saboda haka nas na iya faɗar cuta, dangi su ji haƙuri ake ba su. Ya kamata makarantar koyon jinya da ungozoma ta Gusau da kwalejin kiwon lafiya ta Tsafe su koya wa ɗalibansu bayanin wannan cuta da Hausar da tsohuwa za ta gane, masu nazarin Hausa kuma su taimaka wajen tace kalmomin. Hukuma ta wadata ƙananan asibitoci da sikeli da ma'aunin hawan jini masu aiki. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe, kuma mai jegon da aka gano ciwonta da wuri ta fi kusa da ta ga yayen ɗanta.