Yadda Kwamfuta Ta Koyi Awo Tiya-Tiya



Makon jiya muna zaune a Takur da abokan karatu, muna sauke wani littafi da malami ya turo, saura kwana biyu jarrabawa. Ya kusa kammala ke nan sai sabis ya ɗauke. Da ya dawo, fayil ɗin ya koma farko, datarmu kuwa ta bi ruwa. Haushin da muka ji shi ya sa muka bincika, sai muka tarar matsalar ta girme mu, ta ma girmi jihar Jigawa da aka ƙirƙira a 1991.

A 1977 wani Ba'amurke mai suna Ward Christensen, ma'aikacin kamfanin IBM da ke zaune a yankin Chicago, ya rubuta wata 'yar manhaja don aika fayil daga kwamfuta zuwa kwamfuta. Tsarin nata shi aka sani da XMODEM. A zamanin, kwamfuta kiran 'yar'uwarta take yi ta layin tarho, ta hanyar wata na'ura mai suna modem da ke mayar da bayanai sauti. Yawanci gudun ba ya wuce haruffa 30 a daƙiƙa. Ku lissafa da kanku: hoton nan mai nauyin megabayit 3 da kuke turawa a WhatsApp kafin ƙiftawar ido, da sai ya kwana ya wuni yana tafiya. Ga shi kuma don murya aka yi layin. 'Yar ƙarar da kunnen mutum ba zai kula da ita ba tana iya sauya harafi, fayil ya lalace ba wanda ya sani.

Wanda ya taɓa raka babansa sayen gero a kasuwar Shuwarin ya riga ya san dabarar Christensen. Mai awo ba ya juye buhu gaba ɗaya. Tiya-tiya yake zubawa yana ƙirga, mai saye yana amsawa. Haka XMODEM ke yanka fayil gunduwa-gunduwa, kowace haruffa 128, da lambarta a goshi. Mai karɓa ya duba, in ta iso lafiya ya ce a ƙaro, in da matsala ya ce a sake wannan kaɗai. In aka sake sau goma ba ta gyaru ba, sai a haƙura.

To ta yaya mai karɓa zai san gunduwa ta lalace, alhali bai taɓa ganin ta asali ba? Nan ne abin ya fi burge mu. A wurin kwamfuta kowane harafi lamba ne. Mai aikawa sai ya tara lambobin gunduwar, ya liƙa sakamakon a ƙarshenta. Mai karɓa shi ma ya tara nasa. In an aiko 5, 9, 2 da jimilla 16, amma 5, 8, 2 suka iso, zai samu 15, ya san an yi ɓarna a hanya. Tarawar aji uku na firamare ce fa, ba wani tsafi ba.

Tsarin yana da rauninsa. Jiran amsa bayan kowace gunduwa yana cin lokaci, kuma in layi ya yanke sai a koma farko, irin abin da ya same mu. A 1986 Chuck Forsberg ya fito da ZMODEM, wanda ke ci gaba daga inda aka tsaya. Shi ya sa muke ganin manhajar da har yau take mayar da mutum farko ba ta da uzuri. Christensen, wanda ya rasu a watan Oktoban 2024, kyauta ya saki aikinsa, kowa ya ɗauka ya gyara. Intanet ɗin da muke hawa yau ma gunduwa-gunduwa take ɗaukar kaya tana dubawa.

Ga aikin wannan mako: an aiko 5, 9, 2 da jimilla 16. Ku nemo hanyoyi biyu da lambobin za su lalace a hanya ba tare da mai karɓa ya gane ba.